Kada Ka Auna Azuminka da na Maƙwabcinka: Magana a Kan Ciwon Sukari



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu aron jiki, kuma zai tambaye mu yadda muka riƙe shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ɗan'uwa mai karatu, ga shi Rajab ya kama, Sha'aban na biye da shi, watan azumi kuma ya kusanto. A wannan zaure mun saba tattauna tsarki, da ƙabli da ba'adi, da nisabin zakka. Yau zan jawo hankalinka zuwa ga wata mas'ala wadda malami shi kaɗai ba ya iya warware ta, likita ma shi kaɗai ba ya iyawa, sai sun haɗu a kanka, kai ma ka faɗa musu gaskiya. Ina nufin ciwon sukari, wanda a asibiti ake ce wa diyabet.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kansa, a gaban idona ya faru a azumin bara. Akwai wani dattijo da muke sahu ɗaya da shi a masallacin unguwarmu nan Diffa, mutumin Baruwa ne, yana cikin waɗanda fitina ta taso a 2015. Da aka mayar da mutanen garinsu gida a watan Yuni na 2021, shi ya zauna nan saboda magani. Wata rana bayan sallar La'asar muka ga ya kasa miƙewa. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, hannunsa na rawa, magana tana sarƙe masa. Wani ya fara yi masa tofi, wani yana fifita. Sai wani yaro matashi mai aikin jinya ya ce a kawo ruwa da sukari yanzu-yanzu. Wallahi na ji da kunnena wani ya ce, "Haba, saura awa biyu a sha ruwa, a bar Baba ya ƙarasa mana!" Yaron bai saurare shi ba. Ya dama sukarin, dattijon ya haɗiya, bayan 'yan mintoci hankalinsa ya komo. Da ya gane abin da ya faru sai ya fashe da kuka, yana cewa maƙwabcinsa ma ciwon sukari gare shi, amma talatin yake yi cif, ko ɗaya bai taɓa sha ba.

Wannan magana ta Baba ita ce ta hana ni sukuni. Gaskiya ya faɗa, maƙwabcin nasa yana azumi lafiya lau. Abin da bai sani ba shi ne, suna ne kawai ya haɗa ciwonsu, kamar yadda sunan kifi ya haɗa tarwaɗa da ragon ruwa. Kowanne da irin ciwonsa, da daɗewarsa a jiki, da maganin da yake sha. Ra'ayina, kuma a kansa zan tsaya har ƙarshen rubutun nan, shi ne: duk wanda aka ce yana da sukari, wajibi ne a kansa ya san wane iri ne nasa, domin hukuncin azuminsa ya rataya ne a kan wannan sani. Malaman usulu sun koya mana cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Bari mu fara daga tushe. Duk tuwo, da shinkafa, da burodi, da furar da ka ci, cikinka yana narkar da su su zama sukari su shiga jini. Sukarin nan shi ne makamashin jiki, amma ba ya iya fita daga jini ya shiga tsoka sai da wani sinadari mai suna insulin, wanda wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi take samarwa, likitoci na kiranta fankiriyas. Kai da ka san noman tattasai a bakin Komadugu, misalin ba zai yi maka wuya ba. Ruwa na iya cika babbar hanya har ya yi ambaliya, amma idan ba a buɗe bakin kwami ba, shuka za ta bushe alhali ruwa na gefenta. Haka mai ciwon sukari yake: jininsa cike da abinci, naman jikinsa kuwa yunwa yake ji. Ƙoda ta yi ta ƙoƙarin zubar da rarar ta fitsari, shi ya sa yake yawan fitsari, yake yawan ƙishirwa, yake ramewa ko da yana ci.

Nau'i na farko shi ne wanda jiki da kansa yake hallaka wurin da ake samar da insulin, har ya zama babu shi. Ya fi kama yara da matasa, kuma ba shan zaƙi ke kawo shi ba, don haka a daina ɗora wa uwa laifi. Da sauri yake zuwa, cikin makonni. Yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance sai ya koma yi, ya riƙa shan ruwa kamar raƙumi, ya zube, a ga kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari. Idan ba a gane ba sai amai da ciwon ciki su biyo, numfashi ya yi zurfi, bakinsa ya riƙa wani ƙamshi kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, daga nan sai suma. A nan ne muke asarar 'ya'yanmu. Wasu su ce masassarar cizon sauro ce, wasu su ce iska ce, wasu su ce jifa aka yi masa, a kwana uku ana hayaƙi da rubutu. Ni ban hana addu'a ba, Allah Ya kiyashe ni da hana ta. Amma ka yi ta a kan hanyarka ta zuwa asibiti, kuma da ka isa ka buɗe baki ka ce a auna masa sukari. Ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa.

Mai wannan nau'i ba shi da magani sai allurar insulin, kullum, har ƙarshen rayuwarsa. Kafin 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka fitar da insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, duk yaron da ciwon ya kama ba ya daɗewa. A watan Janairu na 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar, ya tashi daga bakin kabari. Yau fiye da shekara ɗari ke nan, amma har yanzu a wurarenmu akwai wanda zai ce wa uba, "Kada ka yarda a fara masa allura, in an fara ba a dainawa." Ai numfashi ma in an fara ba a dainawa. Duk mai maganin da ya ce maka a ajiye wa irin wannan yaro allura a koma jiƙo, to ka sani ran ɗanka yake ciniki da shi, ko ya sani ko bai sani ba.

Na san tambayar da za ka yi: ina firiji a Baruwa, ko a bukkokin 'yan gudun hijira da ke jere a bakin babbar hanya? Tambaya ce mai kyau, domin zafi yana lalata insulin. A 2021 likitocin ƙungiyar MSF da masu bincike na jami'ar Jeniba sun bayyana sakamakon wani gwaji da suka yi bisa yanayin sansanin Dagahaley na ƙasar Kenya, inda zafi ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Sun samu cewa kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu. Zafin bazararmu yakan wuce 40, saboda haka sai an ƙara da dabara irin ta iyayenmu: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, a rufe da ɗanyen ƙyalle, a ajiye a inuwa mai iska, kwalbar kuma kada ta taɓa ruwa. Rashin wutar lantarki ba hujjar barin magani ba ce.

Nau'i na biyu shi ne na mafi yawan mutane, fiye da tara cikin goma na masu ciwon. A nan akwai insulin, amma jiki ya daina jin maganarsa, daga baya kuma shi kansa ya riƙa raguwa. Gado na da hannu a ciki, haka shekaru, da teɓa, da zama wuri ɗaya. Mugun halinsa shi ne shiru. Yakan yi shekaru yana ɓarna mutum bai sani ba. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke ɗauke da ciwon a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su san suna da shi ba. Ka dubi sahun da kake ciki ranar Juma'a ka auna wannan magana.

Mun daɗe muna ce masa ciwon masu kuɗi, kuma wannan suna ya cuce mu, domin ya sa talaka yana ganin ba da shi ake ba. Ka dubi yadda rayuwa ta juya mana tun daga watan Fabrairu na 2015, lokacin da aka kai wa Bosso da Diffa hari. Mutumin da ya saba wuni yana tuƙa kwale-kwale a tafki, ko yana ban ruwa daga hantsi zuwa la'asar, sai ga shi zaune gindin bishiya ba gona ba koma, shekara da shekaru. Abincin ya koma shinkafa da taliya da mai. Ga damuwa, ga rashin barci. Ga kuma shayi, abokin zaman marar aiki, na farko da na biyu da na uku, safe da rana da dare. Ka taɓa tsayawa ka ƙirga yawan sukarin da ake zubawa a buta ɗaya? Ni ma mashayin shayi ne, ba daga kan tudu nake magana ba. Amma jikin da ya daina aiki bai daina karɓar sukari ba, dole wata rana ya gaza.

Nau'i na uku na mata masu juna biyu ne, kuma ke 'yar'uwa, wannan naki ne, kai maigida kuma kada ka tsallake. Yakan bayyana a tsakiyar ciki, shi ya sa ake auna shi tsakanin mako na 24 da na 28. Sau da yawa matar ba ta jin komai. Amma sukarin da ya yi yawa a jininta yana isa ga ɗan, ya yi ta girma har ya wuce kilo 4. Mu kuwa sai mu yi ta murna an haifi ƙato, ba mu tambayi irin wuyar da uwar ta sha ba. Irin wannan girma yana kawo doguwar naƙuda, da maƙalewar kafaɗa, da tiyata, wani lokaci ma a rasa ɗan a ciki. Yawanci ciwon yakan tafi bayan haihuwa, amma ya bar gargaɗi, domin matar da ta yi shi tana cikin haɗarin kamuwa da nau'i na biyu nan gaba. Mijin da ya hana matarsa zuwa awo, ko ya ƙi ba ta kuɗin mota, ya shirya amsar da zai bayar.

Akwai kuma wani nau'i da ya kamata mu mutanen Sahel mu san da shi fiye da kowa. A watan Afrilu na 2025, a taronta na birnin Bankok, IDF ta amince da shi da sunan nau'i na biyar. Shi ne wanda ke da alaƙa da tamowa: yaron da yunwa ta daɗe tana ci tun yana ciki ko yana ƙarami, gaɓar da ke samar da insulin ba ta ginu sosai ba, sai ciwon ya bayyana yana saurayi siriri, ba teɓa ba kitse. Tun 1955 aka fara bayyana shi a ƙasar Jamaika, hukumar lafiya ta duniya ta sa shi a lissafi a 1985, ta cire a 1999, yanzu ga shi ya dawo. Ka tuna yaran da aka haifa a kan hanyar gudu, da waɗanda suka tashi a Sayam Forage da Kablewa, yau sun fara zama samari da 'yan mata. Rama ba shaidar kuɓuta ba ce. Kuma irin waɗannan, idan aka ɗauke su kamar masu nau'i na farko aka yi musu allura mai yawa, sukarinsu na iya faɗuwa ƙasa warwas. Wannan ma dalili ne da zai hana ka aron maganin wani.

Yaya ake ganewa? Da awo kawai, ba da duban fuska ba. Idan ka kwana ba ka ci komai ba na awa takwas, aka auna aka samu giram 1.26 a lita ko fiye, aka sake wata rana aka samu haka, to ciwon ya tabbata. Idan na'urar daga tsallaken Komadugu aka sayo ta, daga Damasak ko Maiduguri, tana iya nuna maka 126, ko kuma 7.0. Duk abu ɗaya suke faɗa, ma'auni ne ya bambanta, kamar tiya da mudu. Ka tambayi ma'aikacin lafiya wane ma'auni taka take amfani da shi kafin ka firgita ko ka saki jiki.

Yanzu ga abin da ciwon yake yi idan aka ƙyale shi, kuma ina so ka dube shi da idon mai ibada. Yana cin ƙananan jijiyoyin jini na bayan ido sannu a hankali. Mahaddacin da ya saba buɗe Mus'hafi bayan Asuba sai ya ga baƙaƙe suna haɗewa, ya canja tabarau, ya sake canjawa, alhali ɓarnar a can ciki take. Yana cin ƙoda, har a kai ga wankin jini sau biyu ko uku a mako, kuma kai ka san Yamai ta fi kilomita 1,300 daga nan, ka san abin da zaman jinya a garin mutane yake yi wa aljihu. Idan ya haɗu da hawan jini, sai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Yana raunana garkuwar jiki har tarin fuka ya samu ƙofa. Yana kuma taɓa ƙarfin namiji, abin da mutum ba ya faɗa wa likita, sai ya je ya sayi jiƙon masu lasifika a kasuwa, a yi ta maganin reshe an bar saiwa.

Amma ƙafa ce ta fi ba ni tsoro. Ciwon yana kashe jijiyoyin jin zafi, farawa daga yatsu. Mutum ya taka ƙaya a gona, ko ƙashin kifi, ko ya tsaya ba takalmi a kan yashin azahar, bai ji komai ba. Rauni ya buɗe, jini ba ya isa wurin sosai, ya ƙi warkewa, ya ruɓe, a wayi gari ana maganar yanke ƙafa. A nan Allah Ya yi mana wata ni'ima da ba mu lura da ita ba: sau biyar a yini muna kai hannu ga ƙafafunmu. Idan kana da sukari, ka mayar da alwalarka lokacin dubawa. Ka duba tafin ƙafa da dunduniya da tsakanin yatsu, in idonka ba ya gani ka sa ɗanka ya duba. Ka tsane tsakanin yatsun bayan ka gama. A hunturun nan ka taɓa ruwan zafi da gwiwar hannu kafin ka zuba wa ƙafa, kada kuma ka miƙa ta ga kaskon wuta. Ka zazzage takalminka a ƙofar masallaci kafin ka sa. Kada ka ba mai yankan farce na bakin hanya ƙafarka ya sassaƙe ta da reza. Idan an ɗaure maka rauni, shari'a ta ba ka shafa a kan ɗaurin, kada ka kwance don alwala.

To mu komo ga azumi, inda muka faro. Haɗari biyu ne ke jiran mai sukari a cikinsa. Na farko faɗuwar sukari, irin wadda ta sami Baba: rawar jiki, gumi, bugawar ƙirji, yunwa mai tsanani, ruɗewa, sai suma, wani lokaci ba a farkawa. Na biyu hauhawarsa tare da bushewar jiki, musamman ga wanda ya ajiye magani don azumi, sannan ya buɗe baki da kunun zaƙi, da lemun kwalba, da dabino cike da hannu. Wani bincike mai suna EPIDIAR da aka yi a ƙasashe 13 a kan azumin 2001, ya samu cewa kashi 43 cikin ɗari na masu nau'i na farko da kashi 79 na masu nau'i na biyu sun yi azumin akalla kwana 15, kuma mummunar faɗuwar sukari ta ninka kusan sau biyar ga na farko, fiye da sau bakwai ga na biyu.

Ga inda sirrin Baba da maƙwabcinsa yake. Wanda ciwonsa sabo ne, yake riƙe shi da kiyaye abinci, ko da ƙwayar metformin kaɗai, haɗarin faɗuwar sukarinsa kaɗan ne, sau da yawa yakan yi azumi lafiya. Wanda yake shan glibenclamide, wadda ke matsa wa jiki ya fitar da insulin ko an ci ko ba a ci ba, lamarinsa daban ne. Mai allura kuma daban, balle tsoho mai raunin ƙoda, ko mai ciki, ko wanda ya suma kwanan nan. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 19 a Sharja cikin Afrilu na 2009, ta zauna da likitoci ta kasa masu ciwon sukari gida huɗu gwargwadon haɗarinsu. Gida biyu na sama ta ce su sha azumi, gida biyu na ƙasa ta ce su yi. Ka ga malaman duniya ma ba su yanke hukunci ɗaya a kan suna ɗaya ba. To kai da ni, a bakin wane dalili za mu yanke?

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a littattafan da muka karanta a zaure. Ayoyin azumi na cikin Suratul Baƙara sun ba marar lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halil, shan azumi yana halatta ga wanda ya ji tsoron ciwonsa ya ƙaru ko ya daɗe, yana kuma zama wajibi idan ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani. Ka lura da kalmar: wajibi. Wanda sukarinsa ya faɗi ya ƙi sha, ya bar wajibi ne yana zaton yana ƙara lada. Wanda kuma likita amintacce ya tabbatar masa ba zai iya ramawa ba har abada, sai ya ciyar da miskini mudun Annabi ɗaya a madadin kowace rana. Malamanmu sun ɗauke shi mustahabbi, wasu mazhabobin sun wajabta, ka koma ga limaminka ya fayyace maka halinka.

Laifin da na fi gani ba na majinyata ba ne, namu ne mu masu lafiya. Mu ne muke kallon dattijo da wutsiyar ido idan muka ji ya sha ruwa da rana. Mu ne muke cewa "wane ai ƙarfin imani gare shi, da ciwonsa da komai bai sha ba," a gaban wanda likita ya hana. Abu Dawuda ya ruwaito labarin wani mutum da dutse ya fasa wa kai a tafiya, wanka ya wajaba a kansa, ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da sauƙin yin taimama, suka ce ba su ga yana da shi ba. Ya yi wankan, ya rasu. Da labari ya isa ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi fushi ƙwarai, ya ɗora musu alhakin ransa, ya kuma zarge su da rashin tambaya a kan abin da ba su sani ba. Mutumin da ya ce a bar Baba ya ƙarasa awa biyu, da niyyar alheri ya faɗa. Su ma waɗancan da niyyar alheri suka faɗa.

Saboda haka, ɗan'uwa, idan kana da ciwon nan, kada ka jira sai an ga wata. Likitoci sun ba da shawarar a je mako shida zuwa takwas kafin azumi, wato yanzu. Ka je asibitin jiha ko cibiyar lafiya mafi kusa da kai, ka tafi da kwalayen magungunanka duka, ka yi tambaya uku: wane iri ne nawa, zan iya azumi, kuma idan zan iya, yaya zan sha magani? Kada ka rage ko ka juya lokacinsa da ra'ayinka. Idan an ba ka izini, ka jinkirta sahur, ka sha ruwa sosai tsakanin Magariba da Asuba, domin wunin bana zai kai kusan awa goma sha uku kuma ƙarshen watan zai shiga zafi. Ka riƙa aunawa da rana, domin tsira yatsa ba ya karya azumi, allurar insulin ma ba ta karyawa tunda ba abinci ba ce. Idan awo ya sauka ƙasa da giram 0.70, ko ya haura giram 3, ko ka ji alamun da na lissafa, ka sha nan take, ko da ladan ya hau ya kama lasifika. Zuma kuwa, duk da albarkarta, zaƙi ce mai ɗaga sukari, ka tambayi likita kafin ka mayar da ita magani.

Ku kuma shugabannin masallatai, na Diffa da Bosso da Baruwa da Maine-Soroa da N'Guigmi, roƙona gare ku ƙarami ne. Liman ya faɗi wannan hukunci a kan mumbari cikin Sha'aban, da Hausa da Barbarci da Fulatanci, domin dattijon da ba zai ji maganar likita ba zai ji ta liman. A nemi ma'aikacin lafiya daga cikin jama'a ya zo da na'ura wata safiya bayan Asuba, kafin a karya kumallo, a auna duk wanda ya haura shekara arba'in. Daga kuɗin asusun da ake sayen tabarmi da man janareta, a ware kaɗan a sayi kwalin sukari a ajiye kusa da mumbari, kowa ya san wurinsa. Wanda ya fara rawa da gumi yana cikin hayyacinsa, a ba shi ƙwaya uku ko cokali ɗaya babba a ruwa, in bai dawo ba bayan minti goma sha biyar a ƙara. Wanda ya riga ya suma kuwa, kada a ɗura masa komai a baki don kada ya shaƙe, a kwantar da shi a gefensa, a nemi mota zuwa asibiti.

Baba yana nan da ransa. Ya je an duba shi, an ce ƙodarsa ta fara rauni, bana ba zai yi azumi ba. Jiya bayan Isha'i ya riƙe hannuna yana tambayata ko gero zai ciyar ko shinkafa, na ce masa abin da gidansa suka fi ci.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya kai mu Ramadan da rai da imani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.